Na Ga Duniya a Cikin Sito

Birnin Hamburg yana arewacin ƙasar Jamus, a bakin kogin Elbe, wajen kilomita 100 daga inda kogin ya faɗa cikin teku. Shi ne birni na biyu a girma a ƙasar, Berlin kaɗai ya fi shi, nan ne kuma babbar tashar jiragen ruwa ta Jamus take. Waɗanda suka karanta tarihi za su tuna da Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdul Karim, ya shiga Kano a shekarar 1851. To, a Hamburg aka haife shi. Amma labarin da na kawo muku a wannan wata na jiragen ƙasa ne, ƙanana ƙwarai, irin waɗanda mutum zai ɗauki kan jirgin ya jefa a aljihun riga.

Kusa da tashar jiragen ruwan akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Speicherstadt, wato Birnin Sito. An fara gina ta a 1883. Gidajenta dogaye ne, na jan bulo, hawa bisa hawa, an kafa su a kan dubban turakun katako da aka buga cikin laka. Kowane gida yana da fuska biyu, ɗaya tana duban titi, ɗaya tana duban ruwa, domin a dā kwale-kwale ne yakan kawo kaya har gindin bango, a ja su sama da igiya. Kofi da ganyen shayi da koko da kayan yaji da dardumomi, duk a nan ake ajiye su. A 2015 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A cikin waɗannan gidajen sito ne aka shimfiɗa layin dogon wasa wanda ya fi kowane girma a duniya. Sunan wurin Miniatur Wunderland, ma'anarsa Ƙaramar Ƙasar Al'ajabi.

Wasan Manya

Kafin mu shiga, ya kamata in bayyana muku wannan sha'ani, gama ba mu saba da shi ba. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutane da yawa, galibinsu magidanta da dattawa, waɗanda abin da suke yi in sun taso daga aiki shi ne gina ƙaramar reluwe a cikin gida. Sukan kafa babban tebur, su shimfiɗa dogo, su gina tasha da gada da tuddai da gidaje, su sa jirage masu tafiya da lantarki. Abin ya daɗe. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya nuna jirgin wasa mai layi na ƙayyadadden faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. A lokacin waina shi ake yi da mabuɗi kamar agogo. Daga baya Lionel ya fito a Amurka, Hornby a Ingila, lantarki kuma ya maye gurbin mabuɗi.

Abin da ya raba wannan da kayan wasan yara shi ne awo. Kowane abu sai an rage shi daidai da ƙa'ida ɗaya. Awon da ya fi yawa a duniya sunansa H0, a cikinsa ana rage kome sau 87. Bari mu yi ɗan lissafi kamar muna aji. Faɗin layin dogo na yawancin ƙasashen Turai milimita 1,435 ne, irin wanda aka shimfiɗa tsakanin Abuja da Kaduna aka buɗe a 2016. In ka raba 1,435 gida 87, za ka sami milimita 16 da rabi, shi ne kuwa faɗin dogon H0. Taragon fasinja mai tsawon mita 26 zai dawo santimita 30, wato tsawon rular ɗan makaranta. Mutum kuwa, komai ƙasaitarsa, santimita 2 ne, bai kai gaɓa ɗaya ta babban yatsa ba. Akwai waɗanda suka fi wannan ƙanƙanta. Awon N yana rage abu sau 160, awon Z kuma, wanda Märklin ya fitar a 1972, sau 220.

Wani taron malamai ne ya kai ni Jamus a shekarar 2024. An sauke ni a gidan wani dattijo da matarsa, ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Daren da na kwana biyu, bayan mun ci abinci, ya ce in biyo shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da ya kunna fitila sai na ga tebur ya cinye rabin ɗakin, a kansa ga tasha, ga ƙauye, ga tudu da ramin da jirgi yake shiga ya ɓullo ta wancan gefe. Ya ce mini garin da aka haife shi ke nan, kamar yadda yake sa'ad da yake yaro. Ya nuna mini gidan mai gasa burodi, da makarantarsu, da wurin da mahaifinsa yakan tsaya da keke yana jiran jirgi ya wuce. An rufe tashar tuntuni, an tumɓuke dogon, amma a ɗakin nan jirgin safe yana nan yana zuwa. Shekara 30 yana ginin, ya ce kuma bai gama ba. Matarsa ta yi dariya, ta ce ranar da ya gama, ran nan za ta san ba shi da lafiya.

Shi ne ya koya mini yadda jirgin yake tafiya. Wuta tana bi ta dogo ɗaya, ta shiga ƙafafun kan jirgin, ta juya ɗan injin da yake ciki, ta koma ta ɗaya dogon. A irin na Märklin kuwa akwai 'yan ƙusoshi jere a tsakiyar layi, kan jirgin yana da wani ɗan ƙarfe a cikinsa mai gogar su. A dā, in ka ƙara wuta, duk jiragen da suke kan layin sai su ƙara gudu tare. Tun daga shekarun 1980 aka fara sa wa kowane kan jirgi wata 'yar na'ura mai lamba tata, don haka yanzu za ka iya ce wa wannan ya tsaya, wancan ya wuce, a kan layi ɗaya. Da ya ga yadda nake ta tambaya, sai ya ce, “Gobe za mu je wurin da za ka ga nawa ba kome ba ne.”

Aikin Tagwaye

Wasu tagwaye ne 'yan Hamburg, Frederik da Gerrit Braun, suka kafa wurin. A shekarar 2000 Frederik yana yawo a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, sai ya shiga wani kantin sayar da jiragen wasa. Abin ya tuna masa da ƙuruciya. Nan take ya buga wa ɗan'uwansa waya, ya ce yana so su gina layin dogon wasa mafi girma a duniya. Suka nemi rance a banki, suka sami abokin aikinsu Stephan Hertz, suka fara gini a watan Disamba na shekarar, suka buɗe ƙofa a watan Agusta na 2001. Tagwayen sun raba aiki bisa ga halin kowa. Frederik ne mai kula da kasuwanci da baƙi, Gerrit kuwa shi ne mai injuna da kwamfuta.

Da sassa uku suka fara. Yanzu tsawon dogon ya wuce kilomita 16. In ka ninka wannan sau 87, ka ga ya kusa kilomita 1,400, wato ya zarce tsohon layin Ikko zuwa Kano. Jiragen sun fi 1,000, 'yan mutane-mutanen sun fi 250,000, an kuma kashe fiye da sa'a miliyan 1 ana aikin. Baƙin da suke zuwa kallo a shekara sun wuce miliyan 1. Saboda cunkoso, mai masaukina ya riga ya sayi tikiti ta intanet, an rubuta mana lokacin da za mu shiga.

Gani ya kori ji. Da muka hau bene muka shiga, abin da ya fara tsayar da ni shi ne Hamburg kanta. Ga babban cocin Mika'ilu da doguwar hasumiyarsa, ga tashar jirgin ƙasa, ga filin ƙwallo cike maƙil da 'yan kallo, ga sabon gidan kaɗe-kaɗe na bakin ruwa wanda na wuce ta gabansa da safe. In ka danna wani maɓalli sai ginin ya buɗe biyu, ka ga makaɗa a ciki suna motsi. Irin waɗannan maɓallai suna ko'ina a jikin shinge, an sa su ƙasa-ƙasa domin hannun yara ya kai.

Daga nan sai mu taka kaɗan mu sami kanmu a Amurka, wadda aka buɗe a 2003, da jajayen duwatsu na hamada da fitilun birnin Las Vegas. Sashen ƙasashen arewa, su Norwe da Suwidin da Denmak, an buɗe shi a 2005. A can ruwan na gaske ne, wajen lita 30,000, jiragen ruwa suna yawo a kansa, yana kuma cika yana janyewa kamar yadda teku take yi. A sashen Suwizalan, na 2007, sai da suka fasa daɓen bene domin duwatsu su sami wurin tsayuwa. Mutum yakan shiga ta cikin dutsen, ya hau matakala, ya ɓullo a ƙwanƙolinsa yana duban jirage suna ratsa gadoji a ƙasa. Tsayin dutsen Matterhorn a nan wajen mita 6 ne. Da malamin lissafi zai ce an yi ha'inci, gama na gasken mita 4,478 ne, in an rage shi sau 87 kamata ya yi ya wuce mita 50. Mai masaukina ya ce haka kowane mai wannan sha'awa yake yi, jirgi da mutum da gida a bi awo sosai, dutse da nisan tafiya kuwa a taƙaita, in ba haka ba ba ɗakin da zai ɗauka. A gindin duwatsun akwai ƙaramar masana'antar cakulan, in ka danna maɓalli ta turo maka ɗan cakulan na gaske. Ban ga wurin da yara suka fi yin layi kamar nan ba.

Italiya ta zo a 2016, da birnin Roma da dutsen Besubiyus mai aman wuta. A 2021 aka buɗe Riyo ta Barazil. Wani iyali ne a ƙasar Ajantina suka yi aikinta tare da Jamusawan, aka ɗauko ta gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa. Da yake gidan farko ya cika, an sa ta a gidan sito na ƙetaren ruwa, aka haɗa gidajen biyu da gadar gilashi, mutane suna bi, jiragen wasa ma suna bi. Ba a daɗe da buɗe Monako ba sa'ad da na je, inda 'yan motocin tsere suke zagaya gari, maganaɗisu yana jan su daga ƙarƙashin titi.

Gobara da Dare

Inda na fi daɗewa shi ne wani gari mai suna Knuffingen. Kada ku neme shi a taswira, gama ba shi a ko'ina sai a nan. Motocinsa suna tafiya da kansu. An binne siririyar waya a ƙarƙashin titi, kowace mota kuma tana da ɗan maganaɗisu a gaba wanda yake bin wayar yana juya ƙafafu. Sukan ba da sigina kafin su karya kwana, su tsaya in danja ta nuna ja. Wadda batirinta ya yi rauni takan kai kanta wurin caji. Ina tsaye sai na ga hayaƙi yana fita daga wani gida. Jiniya ta tashi, motocin kashe gobara suka fito a jere, suka tsaya a ƙofar gidan har hayaƙin ya ɗauke, suka koma. Kafin a jima wuta ta sāke kamawa a wani wuri. Ban taɓa jin garin da gobara ta dama kamar wannan ba.

Garin yana da filin jirgin sama, wanda aka yi kusan shekara 6 ana gininsa, aka buɗe a 2011. Jirgi yakan baro wurin da ya ɗauki fasinja, ya bi layi, ya jira nasa lokaci, sa'an nan ya sheƙa a guje. Wasu siraran sanduna biyu suna ɗaga shi daga ƙasa har ya shige cikin bangon da aka zana gajimare a kai. Akwai allon da yake nuna jirgin da zai tashi da wanda zai sauka, kamar na gaske.

Kowane minti 15 dare yakan yi. Fitilun ɗakin sukan yi ja kamar faɗuwar rana, su yi shuɗi, sai duhu. A sa'an nan dubban ɗaruruwan ƙananan fitilu suke kamawa, a tagogi, a tituna, a cikin taragai. Na lura da abu ɗaya. Duk hayaniyar da mutane suke yi, da zarar dare ya yi sai kowa ya rage murya, har manyan da suka shigo suna ɗaure fuska.

Wanda ya yi sauri ba zai ga kome ba, gama daɗin wurin yana cikin ƙananan abubuwa. Sai ka sunkuya. Ga biki an fito daga ɗaurin aure, ga 'yan sanda sun tsayar da mai gudun wuce ƙa'ida, ga mai fenti a kan tsani, ga masu zanga-zanga da allunansu, ga mutum ya ɓuya a bayan gini yana abin da bai kamata ba. Kowane ɗaya hannu ne ya ɗauke shi da ɗan matsefi, ya ɗiga masa gam a ƙafa, ya tsayar da shi. Duwatsun kuwa katako ne da ragar waya, aka shafe da farar ƙasa irin wadda ake ɗaurin karaya da ita a asibiti, aka sassaƙa, aka yi fenti. Sabon tarago ma sai an shafa masa launin tsatsa da ƙura da gangan, don abin da ya cika ƙyalli ba ya kama da na gaske. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai wani ɗaki a fili inda ma'aikata suke zaune gaban allunan talabijin masu yawa suna lura da jiragen. In wani ya kauce daga layi, nan da nan a aika mutum ya ɗora shi. Babban abokin gābarsu ƙura ce. 'Yar ƙura kaɗan a kan dogo ta isa ta hana wuta shiga, jirgi ya tsaya cik. Saboda haka kullum ana shara, ana goge layi, ana canja ƙafafun da suka cinye. Ma'aikatan wurin sun fi 300. Na yi ta tunanin wannan, gama na tashi ina jin labarin ƙaramin jirgin da yake tashi daga Zariya ya hau Jos, wanda aka gama layinsa a 1914 aka rufe a 1957, na kuma ga tashoshi da dama da ciyawa ta cinye. Gini yakan yi shekara kaɗan, gyara kuwa na kowace safiya ne, babba ne jirgin ko ƙarami.

Abin da Ya Shafe Mu

Ba zan ɓoye muku ba, wannan sha'awa tana cin kuɗi. Kan jirgi ɗaya mai kyau yana iya cinye albashin malami na wata, har ya nemi ƙari. Ko a Jamus ba kowa yake iya biyan kuɗin shiga wurin ba. Tagwayen sun san haka. Sun ɗauki al'ada, a wasu ranaku na watan Janairu, duk wanda ba shi da hali ya zo ƙofa ya faɗa da bakinsa, a bar shi ya shiga kyauta da 'ya'yansa, ba a tambayarsa wata takardar shaida. Wannan ya burge ni fiye da dutsen Matterhorn.

Na zaga duka ban ga Afirka ba. Amma hannun da yake wannan aiki na san shi, yana nan a ƙofar gidajenmu. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ba? Bayan girbi mukan feƙe ɓawon karan dawa, mu yanka totuwa, mu harhaɗa babbar mota har da bodi da tsani. Wasu da langa-langa suke yi, wasu da waya da gwangwanin madara, a yanko taya daga tsohon silifa. Yaron da ya yi wannan ya tsaya ya dubi mota da kyau, ya gane inda ƙafa take juyawa, ya auna da ido, ya gwada ya lalace ya sāke. Abin da Gerrit Braun yake yi ke nan, sai dai shi da ya girma bai daina ba.

Sau da yawa a wurinmu uba yakan dawo ya tarar da yaro a kan wannan aiki, ya daka masa tsawa, ya ce ya bar shirme ya ɗauki littafi. Wani har ya sa ƙafa ya take motar. A aji kuma yaron nan ne za mu ce ba ya gane lissafi, alhali kuwa ya yini yana lissafi da yatsunsa. Yanzu ga wayar hannu ta zo, motar kara tana ƙara wuya a gani. In muka kashe wannan sha'awa tun yana shekara 9, kada mu yi mamaki in ya kai 25 bai iya ɗaura ƙusa ba.

Ba sai mun sayi kome daga Turai ba. Da na dawo na gwada da 'yan ajina. Muka auna makarantarmu da igiya, muka yi shawara mita 1 ta zama santimita 1, wato a rage sau 100, don lissafin ya zo da sauƙi. Ajin da yake mita 9 ya dawo santimita 9, ƙofa mai mita 2 ta dawo santimita 2. Da kwali da kara da yumɓu da gam na rogo muka tayar da azuzuwa da ofishin hedimasta da rijiya da bishiyar darbejiya a kan tsohuwar ƙofar katako. Wani yaro da ba ya cika magana a aji shi ne ya gano cewa tagoginmu sun yi girma, ya kuma nuna mana da alƙalami inda lissafin ya karkace.

Iyaye da malaman da garinsu yake da tashar jirgin ƙasa, ko da ta daina aiki, ku kai yara su gan ta a hutun nan. Su ƙirga tagogi, su auna dakali da taku, su dubi tankin ruwa da wurin da ake juya layi. Ku nemi tsohon da ya yi aikin reluwe ya gaya musu yadda wurin yake ranar da jirgi yake zuwa, ina masu tallar rake suke zama, ina ake tara buhunan gyaɗa. Sa'an nan ku ba su kwali da almakashi da wani lungu a zaure wanda ba za a share ba. In uban ya sami sarari da yamma, ya zauna tare da su ya riƙe musu gam.